Idan Hisabin Asibiti Ya Makara

Doka ce da kusan kowace ƙasa mai kasuwar hannun jari ta tabbatar, cewa duk kamfanin da ya karɓi dukiyar jama'a domin ya juya ta, idan shekararsa ta cika, wajibi ne ya rufe littattafansa ya miƙa su ga oditoci waɗanda ba ma'aikatansa ba ne, su tantance abin da ya shigo da abin da ya fita, da abin da ya mallaka da abin da ake bin sa, sa'an nan su sa hannu a kan shaidarsu kafin a bayyana wa duniya. An kuma yanka wa wannan aiki wa'adi: a kasuwar hannun jari ta Legas kwana 90 ne bayan ƙarshen shekara, a Amurka manyan kamfanoni kwana 60 gare su, matsakaita 75, ƙanana 90, a London kuwa wata 4. Tazarar da ke tsakanin ranar rufe littafi da ranar da odita ya sa hannu ita nake so mu tsaya a kanta, musamman a kamfanonin da sana'arsu ita ce lafiyar mutane, wato masu asibitoci, da masu haɗa magani, da masu ɗakunan gwaji, da masu inshorar lafiya. Abin da na haƙiƙance shi ne, jinkirin hisabi a irin waɗannan kamfanoni da wuya ya kasance daga kasalar akanta kawai. Galibi labari ne yake bayarwa game da halin da aljihun kamfanin ke ciki, kuma tun da yake ciwon aljihun asibiti yakan isa gadon majiyyaci kafin ya isa kunnen mai hannun jari, bai halatta a bar wannan labari a hannun 'yan kasuwa su kaɗai ba.

Kafin a gane abin da ke jawo jinkiri, sai an san yanayin aikin odita. Shi ba ya ƙirga kowace takarda, domin da zai yi haka da shekara ba ta ishe shi ba. Yakan ɗebi samfuri ne, ya rubuta wa bankuna da masu bin bashi su tabbatar masa da adadi, ya shiga sito ya ga haja da idonsa, ya auna ƙiyasin da shugabannin kamfani suka yi ya ga ko hankali zai karɓa. Gwargwadon yawan shubuhar da ya tarar, gwargwadon yawan hujjar da zai nema, domin sa hannunsa shaida ce, kuma shaidar da aka bayar ba bisa yaƙini ba tana iya jawo masa ƙara da tara da zubewar mutunci. Saboda haka duk abin da ya ƙara shakka a cikin lissafi ya ƙara kwanaki.

Na farko a cikin waɗannan abubuwa shi ne riba da asara. Falken da ya ciyo riba da rana tsaka yake shiga gari, wanda ya yi asara kuwa sai ya jira bayan lisha. Haka ɗabi'ar kamfanoni take, kuma masana sun daɗe da lura da ita, har Givoly da Palmon suka nuna a cikin bincikensu na 1982 a Amurka cewa rahoton da ke ɗauke da mugun labari ya fi saurin makara. Amma ba kunya kaɗai ke kawo wannan ba. Idan kamfani ya yi asara, ƙa'idar aiki tana tilasta wa odita ya tambayi abin da ba ya tsananta tambayarsa a shekarar wadata: shin wannan kamfani zai iya tsayawa da ƙafafunsa har wata 12 masu zuwa? Shin ginin asibitin da na'urorin da aka rubuta musu daraja kaza har yanzu sun kai wannan daraja, alhali kuɗin da suke samarwa ya ragu? Amsa waɗannan tambayoyi tana bukatar ƙiyasin kuɗin shiga na gaba, da wasiƙun bankuna, da alkawarin masu jari cewa za su tallafa, kuma a nan ne ake yin jayayya mai tsawo tsakanin odita, wanda yake so ya rubuta shakkarsa a fili, da shugabannin kamfani, waɗanda suka san cewa layi ɗaya na shakka yana iya sa masu kawo musu magani su daina ba su bashi a washegari.

Sai dai abu na biyu, wanda ya bambanta kamfanin lafiya da sauran kamfanoni, wanda kuma a ganina shi ne tushen mas'alar, shi ne cewa asibiti yakan yi aiki yau, a biya shi bayan watanni, kuma mai biyan ba shi ne wanda aka yi wa aikin ba. Mai sayar da siminti ya san farashin buhunsa, ya kuma san wanda ya ɗauka. Asibiti kuwa yakan yi wa mutum tiyata, ya rubuta takardar neman biya zuwa ga kamfanin inshora ko hukumar gwamnati, su kuma su duba, su yarda da wani sashe, su yanke wani, su mayar da wani don a gyara, su yi shiru a kan wani. Don haka adadin da ake rubutawa a matsayin kuɗin shiga na shekara ba kuɗi ne da aka ƙirga a hannu ba, zato ne na abin da ake sa ran za a karɓa bayan an cire abin da masu inshora za su yanke da abin da ba za a taɓa biya ba. Odita mai amana ba shi da wata hanya ta gaskata wannan zato face ya jira ya ga nawa ne ya shigo a watannin farko na sabuwar shekara, ya kwatanta da tarihin shekarun baya; idan kuwa masu biyan suna da taurin bashi, jiran nasa ya tsawaita ke nan. Tun daga 2018 kuma ƙa'idojin lissafi na duniya suka wajabta wa kamfanoni su ware kuɗi tun da wuri domin bashin da ake tsammanin zai nutse, ba sai ya riga ya nutse ba, abin da ya ƙara wa wannan ƙiyasi nauyi.

Wanda yake ganin wannan magana ƙaramar magana ce, ya dubi abin da ya faru da HealthSouth, kamfanin da ke da mazauni a Birmingham ta jihar Alabama, wanda a zamaninsa yana cikin mafi girman masu asibitocin farfaɗo da marasa lafiya a Amurka. Daga wajen 1996 zuwa 2002 manyan ma'aikatansa na sashen kuɗi sun riƙa rage ƙiyasin abin da masu inshora za su yanke, sai kuɗin shiga ya kumbura a takarda, su kuma ƙirƙiri kadarori na bogi don lissafi ya daidaita, suna rarraba ƙaryar ƙanana ƙanana yadda kowace ba ta kai adadin da suka san oditoci na tsayawa a kansa ba. Da asiri ya tonu a watan Maris na 2003, aka tarar ribar ƙarya ta kai kimanin dala biliyan 2.7, kuma mutum 5 da suka taɓa riƙe muƙamin shugaban sashen kuɗi duk suka amsa laifi a gaban shari'a. Shi wanda ya kafa kamfanin, Richard Scrushy, kotu ta wanke shi daga tuhumar laifi a 2005, amma a 2009 wata kotun Alabama ta ɗora masa biyan diyyar kusan dala biliyan 2.9. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, bayan an sauya oditoci, sai da aka kai watan Yuni na 2005 kafin kamfanin ya iya fitar da ingantaccen hisabin waɗannan shekaru, domin sai da aka sake gina littattafan kusan daga tushe. Fiye da shekara 2 ke nan masu jari da ma'aikata da masu bin bashi suna cikin duhu, kuma ƙofar da aka shigo da ɓarnar ita ce wannan gurbi na kuɗin da aka rubuta amma ba a karɓa ba.

Abu na uku shi ne bashin da ke kan kamfanin kansa. Asibiti sana'a ce mai cin jari: gini, da na'urar ɗaukar hoton ciki, da injin wankin ƙoda, da janareta, duk kuɗi ne masu yawa da ake fitarwa yau a maido su cikin shekaru, don haka akasarin masu wannan sana'a ba sa rabuwa da rance. Bankuna kuwa ba sa ba da rance sai da sharuɗɗa, misali kada bashi ya ninka ribar shekara fiye da sau kaza, kuma idan hisabin da odita ya sa wa hannu ya nuna an saɓa sharaɗi, banki yana da ikon ya nemi kuɗinsa nan take. To, kamfanin da ya san yana bakin wannan iyaka ba ya ɗokin ranar sa hannu. Yakan so ya fara sasantawa da banki, ya samo takardar yafiya, kafin lissafi ya fito. Shi ma odita ba zai yarda a rubuta bashin a matsayin mai dogon wa'adi ba sai ya tabbatar banki ba shi da ikon kiran kuɗinsa, domin idan yana da ikon, bashin ya koma na biya nan kusa, fuskar lissafin kuma ta sauya gaba ɗaya.

Misalin da ya fi ba ni tsoro a wannan babi shi ne na Steward Health Care. A 2010 kamfanin jari mai suna Cerberus ya sayi asibitocin Caritas Christi na jihar Massachusetts ya kafa Steward. A 2016 aka sayar da filaye da gine-ginen asibitocin ga Medical Properties Trust a cikin cinikin dala biliyan 1.25, sai asibitocin suka koma 'yan haya a cikin gine-ginen da a da nasu ne. Steward ba ya cikin kasuwar hannun jari, don haka babu wa'adin kasuwa a kansa, amma dokar jihar ta wajabta masa miƙa hisabin da oditoci suka tantance, shi kuwa ya shafe shekaru yana ƙi, har aka kai ga kotu. Wannan, a gaskiya, ya wuce jinkiri ya shiga ɓoyewa, amma sakamakon ɗaya ne: hukuma ba ta ga cikin littafin ba sai da ciwo ya ci ƙarfin jiki. A watan Fabrairu na 2024 gwamnar jihar, Maura Healey, ta rubuta wa kamfanin a fili tana neman takardun. A watan Mayu kamfanin ya shigar da takardar karayar arziki yana da asibitoci fiye da 30 da bashin kimanin dala biliyan 9, wanda mafi yawansa kuɗin haya ne na shekaru masu zuwa. A ƙarshen watan Agusta aka rufe asibitin Carney da ke Dorchester da na Nashoba Valley da ke Ayer. Mutanen waɗannan unguwanni ba su da hannun jari, ba su ba da rance ba, ba a kuma taɓa gayyatarsu taron shekara ba, amma su ne suka wayi gari asibitin da ke kusa da su ya zama kango.

Game da girman kamfani, wanda masu bincike ke yawan ambata, ba ni da dogon bayani. Babban kamfani yana da rassa da yawa da za a haɗa lissafinsu, amma yana da ma'aikatan lissafi da na'urori da kuɗin biyan manyan oditoci, ƙarami kuwa aikinsa kaɗan ne amma sau da yawa akanta ɗaya ne ke riƙe da komai. Shi ya sa sakamakon binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam bai taru a kan magana ɗaya ba, ko da yake rinjaye yana wajen cewa manya sun fi sauri. Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne ko kamfani yana da kuɗi a hannu, domin wanda ya kasa biyan albashin likitoci ba zai fara da biyan ladan odita ba, odita kuma ƙa'idar sana'arsa ba ta son ya ci gaba da aiki alhali yana bin kamfani tsohon bashi, tun da mai bin bashi ba ya zama shaida marar son rai.

Yanzu kuma wajibi ne in kawo hujjar da ke kan kishiyar maganata, domin wanda ya karanta abin da ya gabata yana iya zaton cewa duk hisabin da ya fito cikin wa'adi lafiyayye ne, wannan kuwa kuskure ne mai haɗari. HealthSouth kansa shekara da shekaru hisabinsa yana fitowa da sa hannun oditoci. Haka NMC Health, wanda B.R. Shetty ya kafa a Abu Dhabi, ya zama mafi girman kamfanin asibitoci masu zaman kansu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya shiga kasuwar London a 2012, ya hau cikin jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar a 2017. Hisabinsa na 2018 ya fito a watan Maris na 2019, cikin wa'adi, ba tare da wata taƙaddama daga oditoci ba. A watan Disamba na wannan shekara kamfanin Muddy Waters ya fitar da rahoto yana tuhumar lissafin. Zuwa Maris na 2020 aka gano bashin da ke kansa ya kai kimanin dala biliyan 6.6, alhali abin da aka bayyana a baya bai wuce biliyan 2.1 ba, a watan Afrilu kotun London ta miƙa shi ga masu riƙo, a daidai lokacin da annobar korona ta sa ake bukatar kowane gado. Daga baya masu riƙon suka kai ƙarar oditocin, wato EY, suna neman diyyar kimanin fam biliyan 2, su kuwa suka musanta sakaci. Darasin da na ɗauka shi ne, makara alama ce ta ciwo, amma zuwa da wuri ba shaidar lafiya ba ne. Kuma duk hukumar da ta mayar da hankalinta kan kalanda kaɗai, tana cin tarar wanda ya makara ba tare da ta tambayi dalili ba, tana tura odita ne ya sa hannu kafin ya gamsu. Da a ce oditocin NMC sun tsaya sun ce ba za su sa hannu ba sai kowane banki ya aiko musu da tabbacin bashi kai tsaye, da hisabin ya makara, kuma da wannan makarar ta fi alheri.

Mu a Nijeriya waɗannan dalilai duka suna nan, har da ƙari. A kasuwar Legas akwai kamfanonin magani irin su Fidson da May & Baker da Neimeth, kuma sana'ar haɗa magani a ƙasar nan ta dogara ne a kan sinadaran da ake sayowa daga waje da dala. A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya saki farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa kusan 900 a ƙarshen shekarar, ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk kamfanin da ake bin sa dala, wajibi ne ya sake ƙimanta bashin da farashin ranar rufe littafi, sai asara mai nauyi ta bayyana a takarda ko da cinikinsa na yau da kullum yana tafiya. Kuma a shekarar 2023 ɗin ne GlaxoSmithKline ya sanar da daina gudanar da kasuwancinsa kai tsaye a ƙasar. A kan wannan sai a ƙara kuɗin ruwa, wanda Babban Banki ya kai ma'auninsa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, da kuma mas'alar haja, domin magani yana da ranar lalacewa, wasu kuma sai a cikin sanyi suke zama, don haka odita ba zai wadatu da ƙirga kwali ba, sai ya duba kwanan watan da ke jikinsa, ya tambaya ko wuta ta taɓa yankewa a ɗakin sanyi.

Amma inda na fi jin zafi shi ne wajen asibitoci. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta mayar da inshora wajibi a kan 'yan ƙasa, jihohi kuma sun kafa hukumomin taimakekeniyar lafiya, wanda ma'anarsa ita ce kullum ƙarin kuɗin asibiti zai riƙa biyowa ta hannun wani na uku, kuma koken masu asibitoci a kan jinkirin biyansu ba sabon abu ba ne ga duk mai bin labarai. Malaman fiƙihu sun ƙidaya jinkirin mawadaci wajen biyan bashi a cikin zalunci, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da kafa masa shaidu ta sauka. Kamfanin inshora ko hukumar da ta riƙe kuɗin asibiti wata da watanni, ba ta biya ba, ba ta kuma rubuta ta ce ga abin da ta yarda da shi ba, tana da kaso a cikin alhakin duk hisabin da ya makara, domin ita ce ta hana odita hujjar da yake jira. Amma idan aka zo cin tara, asibitin ake ci, ita kuwa sunanta ba ya fitowa.

Don haka abin da nake kira a yi ba tsananta wa'adi ba ne, kwana 90 sun isa ga wanda littafinsa ke da tsabta. A Amurka kamfanin da zai makara yakan cika takarda ya faɗi dalili a ba shi ƙarin kwana 15, kasuwar Legas ma tana neman sanarwa daga wanda ya makara. Sai dai sanarwar da ta ce ana kan kammala aiki ba ta gaya wa kowa komai ba. Ya kamata a wajabta wa kamfanin lafiya ya ambaci babin da aikin ya tsaya a kansa, ko bashin inshora ne, ko sharaɗin banki, ko shakkar ɗorewa, kuma kwafin wannan sanarwa ya tafi ga ma'aikatar lafiya da hukumar inshora a ranar da ya tafi ga kasuwa, domin su ne za su nemi inda za a mayar da masu wankin ƙoda idan ƙofa ta rufu. Ya kamata kuma a ɗora wa masu inshora wa'adin amsa wasiƙar odita, da tara idan sun ƙi. Sa'an nan, tun da yake mafi yawan manyan asibitocinmu masu zaman kansu ba sa cikin kasuwar hannun jari, kamar yadda Steward bai kasance ba, duk wanda ke karɓar kuɗin inshorar jama'a sama da wani adadi da hukuma za ta ƙayyade, a sa miƙa tantantaccen hisabi cikin wa'adi ya zama sharaɗin sabunta rajistarsa a kowace shekara.